Bindiga Ba Mota Ba Ce: Ƙudurin H.R. 38 Da Baki Biyun Masu "’Yancin Jihohi" A Amurka

Tun da kwamitin shari'a na Majalisar Wakilan Amurka ya amince da ƙudurin nan mai lamba H.R. 38 a watan Maris na 2025, hujja ɗaya magoya bayansa suke ta nanatawa har ta gundure ni. Wai tunda lasisin tuƙin da jihar Texas ta bayar yana aiki a Niyok, me zai hana lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye shi ma ya yi aiki? Donald Trump ya kawo wannan hujja tun 2015, lokacin da ya fara neman takara, ya kuma yi alkawarin sa hannu muddin ƙudurin ya iso teburinsa. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta daɗe da mayar da ita take. Magana ce mai daɗin ji, shi ya sa ba a cika tsayawa a tambayi ko gaskiya ce ba.

Abin da ƙudurin na ɗan majalisa Richard Hudson, na jihar North Carolina, yake nema a taƙaice shi ne: duk wanda dokar tarayya ba ta haramta wa mallakar bindiga ba, idan yana riƙe da lasisi daga wata jiha, ko kuma jiharsa ta yarje masa ɗauka ba tare da lasisi ba, to yana da damar soke ƙaramar bindigarsa a ƙugu ya shiga kowace jiha a ƙasar. Jihar da ya shiga ba ta da ta cewa game da cancantarsa. Tana iya hana shi shiga gine-ginenta na gwamnati da makami, mai shago ko mai gida yana iya cewa a'a a ƙofarsa, amma tambayar ko wannan mutumin ya dace ya yi yawo da bindiga a titunanta an ƙwace ta daga hannunta.

To mu ɗauki maganar lasisin tuƙin da muhimmanci, tunda su suka kawo ta. Babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa Niyok karɓar lasisin direban Texas. Jihohin ne da kansu suka yarda da juna, suka ƙulla yarjejeniyoyi tun shekarun 1960, suka amince su riƙa musayar bayanan direbobin da suka yi laifi. Kuma sun yarda da juna ne domin abin da ake nema kusan ɗaya ne ko'ina. Kusan babu jihar da za ta miƙa wa sabon direba lasisi bai rubuta jarrabawa ba, ba a duba idonsa ba, bai zauna bayan sitiyari wani jami'i na kallonsa ba. Idan ɗan sanda ya tsayar da shi a wata jiha mai nisa, cikin 'yan daƙiƙoƙi kwamfutar da ke motar sintiri za ta faɗa masa ko lasisin na nan da rai ko an soke shi. Motar kanta tana da lamba, tana da rajista, kusan ko'ina kuma sai da inshora.

Wanne daga cikin waɗannan ne masu ƙudurin suka yarda a yi wa bindiga? Jarrabawa iri ɗaya a faɗin ƙasa? Ba su yarda ba. Rajista? Ambatonta kawai kan tayar musu da hankali, kuma tun 1986 dokar tarayya ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar bindigogi da masu su. Inshora? Kada ma a fara. Suna son ribar kwatancen, ba sa son sharaɗinsa ko ɗaya.

Abin da ake kira "lasisi" ɗin ma ba abu ɗaya ba ne. A jihar Niyok, bisa dokar da Gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu a Yulin 2022, mai nema sai ya yi awa 16 a aji, ya ƙara awa 2 yana harbi da harsashi na gaske a filin horo, ya kawo mutum huɗu da za su shaide shi, ya zauna a yi masa tambayoyi ido da ido. A birnin Niyok kuɗin neman kaɗai dala 340 ne, ban da na ɗaukar hoton yatsa. Ƙetara iyaka zuwa Pennsylvania, maƙwabciyarta: ka je ofishin sharif, wato babban jami'in tsaro na gundumarku, ka biya dala 20, a binciki tarihinka, a ba ka. Ba a neman horon ko minti ɗaya. Jihar Utah kuwa ta mayar da abin sana'a. Tana ba wa wanda bai taɓa taka ƙasarta ba lasisi, bayan aji na 'yan awanni wanda ba dole sai an harba ko harsashi ɗaya ba, kuma jihohi fiye da 30 suna karɓarsa. Virginia ta shafe shekaru tana karɓar horon da aka yi ta intanet kafin ta rufe wannan ƙofa a farkon 2021.

Filorida ta fi ba ni mamaki. Can ma'aikatar gona ce ke bayar da lasisin bindiga, ba 'yan sanda ba. A 2018 aka gano cewa sama da shekara guda, daga Fabrairun 2016, ofishin bai duba sakamakon binciken masu nema a ɗaya daga rumbunan bayanan tarayya ba, saboda ma'aikaciyar da ke da alhakin hakan ta kasa shiga manhajar. Da asiri ya tonu aka koma aka bi takardu, aka soke lasisi 291. Kuma lasisin Filorida ba 'yan Filorida kaɗai ke riƙe da shi ba. Mutanen Philadelphia, a jihar Pennsylvania, da 'yan sandan birninsu suka hana su lasisi sun daɗe suna aika takarda Filorida ta gidan waya, ya zo musu har gida, su ci gaba da yawo da bindiga a garin da ya ce ba su dace ba, har sai da babbar lauyar jihar Pennsylvania ta toshe wannan kafa a 2013. Ta iya toshe ta ne saboda jiha na da ikon zaɓar lasisin wa za ta girmama. H.R. 38 wannan ikon ya zo ƙwacewa.

Duk wannan ma ƙaramin abu ne idan aka zo kan jihohi 29 da suka daina neman lasisi kwata-kwata. Vermont ba ta taɓa nema ba. Alaska ta bi sahu a 2003, Arizona a 2010, sannan abin ya zama ambaliya: Texas a 2021, Georgia a 2022, Filorida a 2023, Louisiana da South Carolina a 2024, waɗannan biyun na ƙarshe har ga ɗan shekara 18. A ƙarƙashin ƙudurin Hudson, mazaunin irin wannan jiha zai sauka a Boston ko Baltimore, biranen da jihohinsu ke neman lasisi, da bindiga a jiki, ba horo, ba binciken da aka yi masa domin ɗaukarta, kuma takardar da zai nuna ita ce katin shaida mai hotonsa, wanda galibi lasisin tuƙin nan ne dai. Ashe dai da gaske suke: lasisin tuƙi zai zama lasisin bindiga. Shi kuwa ɗan Boston da aka haifa a nan, yana biyan haraji a nan, dole ya bi layi ya yi horo ya jira. Baƙo ya fi ɗan gari 'yanci a garin ɗan gari. Wannan ba amincewa da juna ba ce, ɗaukar dokar jihar da ta fi kowa sakaci ne a shimfiɗa wa mutum sama da miliyan 330.

Sai a tuna da ɗan sandan da ke bakin titi da ƙarfe biyun dare. Ya tsayar da mota, direba ya ce yana da bindiga, ya ce shi ɗan wata jiha ne da ba a neman lasisi. Babu rumbun bayanai na ƙasa da jami'in zai duba. Dole ya riƙe dokokin jihohi 50 a kansa, ya san wacce ta canja doka a watan jiya. Ƙudurin bai tsaya nan ba: ya ce nuna takardar da ta yi kama da sahihiya hujja ce a wurin mai ita, ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da akasin haka, ya kuma buɗe wa wanda aka tsare hanyar kai ƙara neman diyya da kuɗin lauya. Wane jami'i ne zai yi kasadar bincike da kyau alhali ƙara na jiransa? Shi ya sa ƙungiyar shugabannin 'yan sandan manyan birane da ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta duniya suka yi adawa da ƙudurin tun zuwansa na 2017. 'Yan siyasar da ke manna hoton goyon bayan 'yan sanda a motocinsu duk kakar zaɓe, ranar nan sai suka toshe kunne.

Hujjar masu ƙudurin mafi ƙarfi mace ce, kuma ba zan raina labarinta ba. Shaneen Allen, uwar 'ya'ya biyu daga Philadelphia, ta sayi bindiga bayan an yi mata fashi, ta samu lasisin Pennsylvania yadda doka ta ce. A Oktoban 2013 ta ƙetara zuwa New Jersey, ɗan sanda ya tsayar da ita kan ƙaramin laifin tuƙi, ita da bakinta ta faɗa masa tana da bindiga da lasisi. Aka kama ta. Dokar New Jersey ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba, kuma mai gabatar da ƙara ya fara ƙin saka ta cikin shirin sassauci na masu laifin farko, shirin da ofishinsa ya saka wani shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya doki matar da zai aura. Sai da surutu ya yi yawa aka sassauta, sannan Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a Afrilun 2015. Zalunci ne, ba shakka. Amma a dubi inda zaluncin yake: a dokar da ta ɗaure hannun alƙali, da mai gabatar da ƙarar da ke auna mutane da sikeli biyu. Maganinsa a majalisar New Jersey yake. A rage hukuncin wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya, a ba alƙali damar duba hali. Don mace ɗaya ta faɗa ramin dokar jiha ɗaya ba a rushe katangar jihohi goma.

Matafiyi ma doka ba ta manta da shi ba. Dokar tarayyar nan ta 1986 da ta hana rajista, ita ce ta ba wa mai bindiga damar ratsa kowace jiha da makaminsa, muddin ya cire harsashi ya kulle ta a but, kuma halal ce gare shi inda ya taso da inda za shi. Idan wasu 'yan sanda a filayen jiragen saman Niyok da New Jersey suna take wannan kariya, to ita ya kamata a ƙarfafa. 'Yan sanda masu ci da masu ritaya kuwa sun samu tasu dokar tun 2004, kuma ko su, masu ritaya sai sun sake cin gwajin harbi duk shekara. Tsohon ɗan sanda mai shekara 25 a aiki ana gwada hannunsa, yaro ɗan 18 da ya ɗauki bindiga jiya ba a gwadawa. Wannan lissafi wa ya yi shi?

Akwai kuma abin da ke ci mini rai idan na ji ana cewa ƙudurin don kare baƙaƙen fata da talakawa aka kawo shi. Philando Castile yana da lasisi. A Yulin 2016, a jihar Minnesota, a cikin jiharsa ba wata ba, ya faɗa wa ɗan sandan da ya tsayar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, kamar yadda ake koya wa masu lasisi. Cikin daƙiƙoƙi jami'in ya buɗe masa wuta a gaban budurwarsa da 'yarta 'yar shekara huɗu, duniya ta ga abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook. Kotu ta wanke jami'in a 2017. NRA, mai ihu kan haƙƙin mai lasisi, bakinta ya mutu. Takarda ba ta kare shi a gida ba, sai a ce mini za ta kare irinsa a jihar da ɗan sanda bai ma san kamannin takardar ba?

Inda abin ya zama wasan kwaikwayo shi ne batun ikon jihohi. Shekara da shekaru 'yan jam'iyyar Republican suna wa'azin cewa Washinton ta daina tsoma baki, kowace jiha ta san abin da ya dace da mutanenta. Ranar 24 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta mayar da batun zubar da ciki hannun jihohi, suka yi murna, suka ce haka tsarin tarayya ya gada. Kwana ɗaya kafin nan, ranar 23 ga wata, kotun dai ta soke sharaɗin Niyok mai sama da shekara 100, na cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisi, nan ma suka yi murna. To shi ke nan, kotu ce, kundin tsarin mulki ta fassara. Amma H.R. 38 ba kotu ba ce. 'Yan majalisar Texas da Alabama ne za su zauna a Washinton su yanke wa New Jersey da Hawaii wanda zai shiga kasuwanninsu da bindiga. Ikon jiha abin girmamawa ne idan jihar na yin abin da suke so, in ta saɓa kuma ya zama cikas. Da 'yan Democrat ne suka kawo ƙudurin tilasta wa Texas bin sharuɗɗan Kalifoniya, da tuni an fara maganar ɓallewa.

Za su ce haƙƙi ne na tsarin mulki, Gyara na Biyu mai kare riƙe makami, kuma haƙƙi ba ya tsayawa a iyakar jiha. Su koma su karanta hukuncin na 2022 da suke taƙama da shi. Mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta ra'ayin rinjaye, alƙalai 6 da 3, amma mai shari'a Brett Kavanaugh, tare da Alƙalin Alƙalai John Roberts, ya ƙara bayani ƙarara cewa jihohi na nan da ikon neman lasisi, da hoton yatsa, da binciken tarihi da na lafiyar ƙwaƙwalwa, da horo. Abin da aka haramta shi ne jami'i ya hana ka don son ransa. A 2024 kotun ta sake tabbatarwa, 8 da 1, cewa ana iya raba mutumin da kotu ta ga yana barazana ga iyalinsa da bindiga. Kuma jihohi sun sha bamban sosai a nan: wasu na hana wanda aka samu da laifin duka ko bibiyar mace ko yawan tuƙi cikin maye, wasu ba ruwansu sai abin da dokar tarayya ta ambata. Ƙorafin cewa baƙo ba shi da hanyar neman lasisi ma ya fara tsufa, domin birnin Niyok ya buɗe wa waɗanda ba mazauna ba ƙofa a 2024, Kalifoniya ma kotu ta sa ta buɗe a 2025. Tsada da jan rai suna nan, kuma ya dace a kai su ƙara a kan haka. Sai dai mai ƙorafin tsawon layi daban, mai neman a rushe ofishin daban.

Su kuwa masu cewa yawan bindiga na rage laifi, wannan tsohon zance ne na shekarun 1990 da bincike ya bari a baya. Kwamitin masana na ƙasa ya duba shi a 2004 bai samu hujjar da ta tabbatar da shi ba, binciken Farfesa John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa a 2019 kuma ya nuna laifukan tashin hankali sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin 100 shekara goma bayan jihohi sun sassauta dokar ɗauka. Gaskiya ne yawancin masu lasisi ba sa aikata laifi. Amma bindigar da ke cikin mota ana sace ta, gardamar wurin ajiye mota da da za ta ƙare a zagi tana ƙarewa a maƙabarta. Ƙasar da ta binne mutum 48,830 sanadin harbi a 2021 kaɗai, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu, ba ƙarancin bindiga ke damunta ba.

Kada a ce ƙudurin ba zai je ko'ina ba don haka a ƙyale shi. A 2009 irinsa ya samu ƙuri'a 58 a Majalisar Dattawa, biyu kacal suka rage ya kai 60 ɗin da ake buƙata. A 2013, 'yan watanni bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook, ya samu 57. A Disambar 2017 Majalisar Wakilai ta zartar da shi da ƙuri'a 231 da 198, wata biyu bayan harbin Las Vegas, wata ɗaya bayan an kashe mutum 26 a wata coci a Texas, kuma suka ɗaure shi da ƙudurin gyara binciken masu sayen bindiga don a haɗiye shi cikin sauƙi. Ko kunyar makoki ba su ji ba. A duk waɗancan ƙuri'u akwai 'yan Democrat daga jihohin karkara da suka ba shi hannu, saboda haka masu ganin jam'iyyar ce katanga su sake lissafi.

Mu ma abin bai yi mana nisa can ba. 'Yan uwanmu da ke Bronx da Houston, masu tuƙa tasi da manyan motoci daga jiha zuwa jiha, su ne irin mutanen da tallan lasisin Utah ke samu a waya. Ya kamata su sani cewa a yau ƙudurin bai zama doka ba, Niyok da New Jersey da Maryland da Illinois da Kalifoniya ba sa karɓar lasisin kowa, mai biza ta ziyara ko karatu galibi doka ta hana shi riƙe bindiga ma sam, kuma laifin makami na iya sa a kori mai katin zama daga ƙasar. A gida kuma, duk sanda aka tayar da zancen ba talaka makami, kamar yadda Gwamna Bello Matawalle ya yi a Zamfara a Yunin 2022, makon da aka yanke wancan hukunci na Amurka, sai ka ji an ce "ai a Amurka kowa na da tasa". Wace Amurkar? Ta Vermont ko ta New Jersey? Su kansu ba su gama wannan rigima ba.

Idan da gaske Hudson da Sanata John Cornyn, mai irin wannan ƙuduri a Majalisar Dattawa, lasisin tuƙi suke kwaikwayo, hanya a buɗe take. Su rubuta ma'auni ɗaya na ƙasa: horo na gaske da harbi a gaban malami, binciken da ake sabuntawa, shekara 21, da rumbun da ɗan sanda zai duba daga motarsa. Wanda ya cika wannan a ba shi katin da zai yi aiki ko'ina, wanda bai cika ba ya tsaya inda jiharsa ta tsaya masa. Jihohi masu tsauri su kuma su rage kuɗi da jinkiri, su daina ɗaure matafiyin da ya yi kuskure kamar ɗan fashi. Ba za su rubuta irin wannan ƙuduri ba, domin ƙungiyoyin da ke auna musu maki duk zaɓe za su kira shi rajista ta bayan gida. 'Yan Republican na da kujeru 53 a Majalisar Dattawa, ƙuri'a bakwai suke nema daga ɗaya ɓangaren, kuma sanatocin da za a bi gida-gida an san su.